Daga gero zuwa taliya: abin da ya sami tukunyar Bauchi

Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, nan cikin garin Bauchi, da ta fi shekara ashirin tana tuyar masa a ƙofar gida. Kafin a fito daga sallar asuba ta hura wuta ta ɗora tanda, ƙullun da ya kwana ya tashi yana ƙamshin tsami. Yara sun yi layi da kwanoni, leburori na tsugune suna ci kafin su wuce wurin aiki. Baƙon da ya zo Bauchi ya koma bai ci masa ba, cewa muke yi bai zo ba. Wata safiya ina jiran a zuba mini, sai na tsinci kaina ina lissafin abin da ke cikin ƙullun: farar shinkafar tuwo, sukari, yis, ɗan gishiri, sai man da ake ɗigawa a kowane gurbi na tanda. Na ce, Iya, wai ina masar geron nan da muka ci muna yara? Ta yi dariya ta ce wa zai saya? Masu saye fara suke so, mai laushi, mai zaƙi, ita kuwa ba za ta ƙona itacenta a kan abin da zai kwana a roba ba.

Gaskiyarta ce. Kuma abin da ya faru da tandarta shi ya faru da tukunyar yawancin gidaje, daga Bauchi har Azare da Misau. A cikin shekara talatin zuwa arba'in, gero da dawa da maiwa sun ja da baya, shinkafa da taliya da biredi sun hau kujerarsu. Daddawa ta koma 'yar rakiya, magi ya zama uban miya. Kunun zaƙi da zoɓo suna nan, amma baƙon kunya lemon kwalba ake aika a sayo masa.

A ce mutane ne suka lalace da kwaɗayi, wannan ita ce amsa mai sauƙi, ita ce kuma ake yawan ji a bakin dattawa. Ni ban gamsu da ita ba, domin duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga yadda ake tuwon dawa tun daga tsaba ya san akwai wata magana. Sai an surfa, an bushe dusa, an wanke, an shanya, an kai inji, an tankaɗe, an yi talge, an jira ya nuna, an tuƙa, an kwashe. Miya kuma aikinta daban. Rabin yini ke nan na mace guda, da itace mai yawa. Taliya kuwa, a tafasa ruwa a zuba, a kawo mai da yaji, kafin yaro ya gama kuka an sauke. Matar da ke koyarwa a firamare, ko mai ɗinki, ko wadda ke zaune a ɗaki ɗaya na haya ba turmi ba wurin shanya, ba kwaɗayi ya sa ta zaɓi taliya ba. A da, a babban gida, akwai kishiyoyi da 'yan mata da matan 'yan'uwa da ake raba aikin daka da su. Gidan ya rabu, 'yan matan suna makaranta, abin da dukkanmu muka roƙa ke nan, amma ba wanda ya tsaya ya tambayi wa zai yi surfen. Ga kuma tsadar makamashi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin niƙa ya tashi, gas da gawayi suka bi sahu, duk abincin da ke daɗewa a kan wuta ya zama abin tsoro ga uwargida. Wake ma ya shiga wannan sahu.

Sai maganar daraja. Mu da muka taso shinkafa abincin Sallah ce da ranar suna, har yanzu akwai wani abu a zuciyarmu da ke ganin farin abinci shi ne alamar an samu. Yaro zai ce yau a gidansu “tuwo ne kawai”, da muryar wanda aka yi wa rashi.

To ina abin ya kai mu? Ga layi biyu da za ka iya gani da idonka a jihar nan. Na farko na mata ne da goyo. A Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa, ƙungiyar likitoci ta MSF na kula da yaran da tamowa ta kama, kuma duk shekara idan damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka taso, gadaje cika suke yi. Ma'aikaci zai zagaya ɗan tef a damtsen yaro, idan ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, an san lamari ya yi tsanani. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a jihar Bauchi kuwa sun haura rabi. Abin da ke ɗaure kai shi ne, a cikin wannan ƙaramar hukuma ta Ganjuwa kasuwar Soro take, inda ake loda wa manyan motoci hatsi ana fita da shi.

Layi na biyu na dattawa ne da matan aure masu ɗan jiki, riƙe da kati, suna jiran a gwada musu jini da suga. Ƙiyasin masana lafiya shi ne kusan mutum ɗaya cikin manya uku a Najeriya yana da hawan jini, da yawansu ba su ma sani ba sai ranar da aka ce wane ya yanke jiki ya faɗi. A da ana kiran ciwon suga ciwon masu kuɗi. Yanzu mai gadi na da shi, mai sayar da itace na da shi. Kuma ba abin mamaki ba ne ka tarar a gida ɗaya kaka na shan maganin suga, jika kuma na karɓar abincin tamowa. Kwano ɗaya ne ya haifi ciwon biyu: abinci mai cika ciki da sitaci da mai da gishiri, wanda babu abin gina jiki a cikinsa sai kaɗan.

Idan aka cashe shinkafa aka goge ta har ta yi fari tas, abin da aka zubar a dusa shi ne mafi yawan bitamin ɗinta da abin da ke rage saurin narkewarta. Abin da ya rage yana zama suga a jini da sauri, shi ya sa wanda ya ci shinkafa da rana kafin la'asar ya fara hamma, wanda ya sha fura kuwa yana gona har yamma. Haka fulawa take. Gero ya fi su sinadarin da ke ƙara jini nesa ba kusa ba, kuma jiƙa shi da barin gasara ta yi tsami, da iyayenmu ke yi ba tare da sun san sunan abin ba, yana sa jiki ya fi iya tsotse wannan sinadari. Shinkafa 'yar gida da aka turara kafin a cashe ma ta fi gogaggiyar amfani, sai dai tsakuwa ta ɓata mata suna. Magi kuwa, kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ka tsaya kusa da tukunyar miyar gidan biki ka ƙirga dunƙulen da ake ɓarewa, sannan a bi da farin magi, sannan a barbaɗa gishirin kansa. Harshe kuma ɗan sabo ne, yaron da ya tashi da wannan ɗanɗano, miyar daddawa salam zai ji ta.

Amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Tukunyar da ma tana da nata ramukan, kuma yawancin yaran da ke kwance a Kafin Madaki ba taliya ce ta kai su ba, daga ƙauyukan da har gobe tuwo ake ci suka fito. Jariri ana ɗura masa ruwa da jiƙe-jiƙe tun kwanakin farko, alhali nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata shida. Idan ya fara cin abinci, koko ne tsararo da safe, koko da rana, ba gyaɗa ba ƙwai ba wake, ga cikinsa ɗan mitsitsi, ruwa ya cika shi. Ƙwan da kazar gida ta yi kasuwa ake kai shi, wasu ma har yanzu suna cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Tsokar da ke cikin miya kwanon maigida take tafiya, mai ciki da mai shayarwa su lashi romo. Kanwar da ake zubawa don wake ya yi saurin nuna ko miyar kuka ta yi yauƙi tana kashe wasu bitamin. Daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kwana dubu ke nan, abin da ya rasa a wannan tsakani na tsawo da kaifin ƙwaƙwalwa da wuya ya dawo, ko da daga baya uban ya yi kuɗi. Wannan ba laifin kamfani ko gwamnati ba ne, namu ne na cikin gida, kuma mu maza mun fi kowa kaso a ciki tunda mu ke cefane, mu ake zuba wa tsokar.

Sai dai gwamnati ma ba 'yar kallo ba ce. Shekara goma da suka wuce, idan aka ce manufar abinci a Najeriya, shinkafa ake nufi. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da kaya iri 41 samun dala a farashin gwamnati, shinkafa na ciki. A watan Nuwamba na shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, wanda daga baya kuɗin da aka zuba a cikinsa ya haura naira tiriliyan ɗaya. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin tudu, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. A Janairun 2022 aka jera dalar buhunan shinkafa a Abuja aka ɗauki hoto. Ba na cikin masu cewa duk aikin banza ne. Noman shinkafa ya bunƙasa, injinan casa sun yawaita, masu fadama a yankin Jama'are da Gadau da 'yan'uwanmu na Dadin Kowa a Gombe sun ga kuɗin da ba su taɓa gani ba. Abin tambaya shi ne me aka auna aka ce an yi nasara. Buhu aka ƙirga. Ba a taɓa jera dalar gero ko ta wake ba, ballantana a tambayi ko damtsen yara ya ƙara kauri.

Manomi kuma ba wawa ba ne, inda rance da iri da mai saye suke nan yake bi. Gonakin da aka saba haɗa gero da wake da ɗan kuɓewa a gefe suka koma masara zalla, ko riɗi da waken suya na sayarwa. Masara ba ta yi sai da takin zamani, kuma tana son ruwa a kan kari. Gero kuwa cikin wata uku ya nuna, yana jure fari, yana yi a jigawar da masara ba za ta kai gwiwa ba, waken da ke ƙarƙashinsa kuma yana mayar wa ƙasa ƙarfinta, harawarsa ta ciyar da tumaki. A arewacin jihar, wajen Katagum da Gamawa da Zaki, inda damina ke zuwa a makare ta ɗauke da wuri, barin gero caca ce. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa saboda irin wannan dalili, mu da muka gaje shi kaka da kakanni shekarar ta zo ta wuce ba mu ji ɗuriyarta ba. Acca ma da ake nomawa a Bogoro da Tafawa Ɓalewa da Dass, sai da likitoci suka fara ce wa masu ciwon suga su neme ta sannan muka tuna da ita, yanzu kuma ta fi ƙarfin talaka.

Da tsadar abinci ta kai intaha, hauhawar farashinsa ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, sai gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta juya akala: a watan Yuli ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a goge ba. Hatsi ya sauko, mai saye ya numfasa, amma taki bai sauko tare da shi ba. Manomin da ya ci bashi ya zuba wa masara taki ya wayi gari sai ya sayar da buhu biyu ko fiye kafin ya mayar da kuɗin buhun taki ɗaya. Yau a rufe iyaka, gobe a buɗe, shi kuwa shuka sau ɗaya ake yi a shekara. Alkamar da ake mana biredi da taliya da indomi kuma, fiye da kashi 90 cikin ɗari daga waje take zuwa, don haka duk ranar da dala ta yi tari, mai shayi a unguwar Wunti ta Bauchi sai ya yi atishawa.

Ƙasar kanta tana biyan nata kason. Daddawa daga kalwa ake yin ta, kalwa daga ɗorawa, ɗorawa kuma sai ta shekara da shekaru kafin ta fara 'ya'ya. Ka bi hanyar Ningi ko ta Alƙaleri ka ga buhunan gawayi jere a bakin titi. A cikinsu akwai ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, wato miyar gobe da man kaɗe da kunun azumi ne aka ƙona aka ɗura a buhu. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana da taki, ana tumɓuke shi don tarakta ta wuce. A da bayan girbi Fulani na sauka a gona, shanu su ci kara su bar taki, a yi musayar nono da hatsi. Da burtali ya toshe, zaman ya yi tsami, gona ta rasa takin, mu kuma muka rasa nonon: wani abin da ake dama mana da fura a gari yanzu madarar gari ce ta waje aka kwaɓa aka bari ta yi tsami.

Akwai kuma abin da ke faruwa tsakanin gona da tukunya, wanda ba a cika son maganarsa ba. Wake ba ya jimawa ƙwari sun huda shi, don haka mai ajiya sai ya yayyafa masa fiya-fiya ko wani maganin feshi ya ɗinke buhu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan irin wannan guba da ta samu a ciki. Waken da Bature ya ƙi, mu muka cinye shi a ƙosai da alale. Gyaɗa da masarar da aka tara da sauran danshi kuma suna yin funfuna mai ɗauke da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta tana kuma hana yara girma, ba ta mutuwa da dahuwa, kuma gyaɗar da aka tsince aka ce ta lalace sau da yawa ita ke komawa ƙuli-ƙuli mai araha. Maganin matsalar ƙwarin wake yana nan a kasuwa: buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda idan aka ɗaure shi da kyau ƙwarin ke mutuwa don rashin iska, ba tare da ɗigon magani ba. Da kaɗan daga kuɗin da aka kashe a kan shinkafa an karkatar da shi wajen sauƙaƙa wannan buhu da wuraren shanya, da ƙaramin manomi bai riƙa rabuwa da wakensa da kaka a wulaƙance ya dawo saye da tsada a watan Agusta ba.

Dokokin da suka shafi lafiya kai tsaye ma akwai su, wasu sun yi aiki. Sa sinadarin aidin a gishiri ya sa maƙoƙo, da a da ake gani a wuyan mutane a kasuwannin ƙauye, ya zama abin nema. Tun farkon shekarun 2000 doka ta wajabta ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki, sai dai talaka man awo yake saye a kwalba daga jarkar da ba a san asalinta ba, kuma akwai abin dariya a ce hanyar da za a kai wa yaro bitamin ita ce sukari. Harajin lemon kwalba da aka sa a dokar kuɗi ta 2021 naira 10 ne a kan lita, wato naira biyar a kan robar da aka fi sha. Ban taɓa ganin wanda naira biyar ta hana shi sayen lemo ba. Shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016 a kan naira 70 kowane yaro, shi ne ya fi kowanne kusa da gano bakin zaren, tunda an tsara shi ne a sayi abincin daga manoman yankin. Da ya tsaya da ƙafarsa, kunun gyaɗa da dambun zogale da ɗanwake suka samu gurbi na dindindin a ciki, da mai noman gero ya samu tabbataccen mai saye, yara kuma sun tashi harshensu ya san abincin. Amma shirin ya yi ta tafiyar hawainiya, hauhawar farashi ta cinye kuɗin, a farkon 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa awara ce. Kakanninmu ba su san ta ba. Babu wanda ya yi doka a kanta. Amma yau babu lungun da za ka shiga a Bauchi da yamma ba ka ga yarinya da kasko tana suyarta ba, kuma ita ce naman talaka na gaskiya, abin gina jiki mafi araha da yaro zai saya da canjin da ke hannunsa. Ta karɓu ne saboda tana da daɗi, tana da arha, a shirye take, kuma mace na samun riba a kanta. Matsalarta ɗaya man da ake maimaita suya da shi har ya yi baƙi. Haka garin kunun da ma'aikatan lafiya ke koya wa mata, na gero da waken suya da gyaɗa da aka soya aka niƙa tare, yana tayar da yaron da ya fara ramewa da kayan da ke cikin rumbun gidan. Wannan ya nuna mini mutanenmu ba ƙin sauyi suke yi ba, ba kuma ƙin gero suke yi ba. Wahalarsa suke gudu. Ranar da uwargida za ta tarar da garin dawa mai tsabta, tankaɗaɗɗe, ba tsakuwa, a ƙulle a shagon unguwa kusa da katan ɗin taliya, a farashin da bai fi nata ba, lissafinta zai canja. Wasu mata sun fara wannan sana'a a gidajensu, suna ƙulla garin kunu da na ɗanwake da daddawar gari suna tallatawa a waya. Abin da ke tare musu gaba wutar lantarki ce, da kuɗin rajistar NAFDAC, da jarin sayen hatsi da kaka lokacin da yake araha.

Iya mai masa kuwa, da azumin bana wasu masu ciwon suga a unguwa suka roƙe ta, ta riƙa yi musu ƙullun gero daban a ƙaramar roba, ba sukari. Ta ce sai da ta ƙara kuɗi a kai saboda surfe da niƙa, kuma duk da haka kafin a sha ruwa ya ƙare. Bayan Sallah ta daina, don yarinyar da ke taya ta surfen ta koma makaranta.